Baba Gana da Kofin Afuwa

Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Ubangiji ya kira Baba Nelson Kwabena Ofosu, mai gidan burodin Unguwar Gabas a Sabon Garin Zariya, bayan gajeriyar jinya a wani asibiti a nan Samaru. Ya bar matarsa, Gwaggo Keziya, da ɗansu Eric, da jikoki, da unguwa guda wadda har yanzu take leƙa ƙofar gidan burodi da safe ko za ta gan shi. Ni Jemimah ce, 'yar Othniel, ƙanen Gwaggo Keziya. Ba ni na fi kowa kusa da marigayin ba, amma ni aka ce in rubuta, kuma mahaifina ne ya ce in rubuta ɗin. Ya ce kada in rage komai, har da abin da ya shafe shi. To, Baba Nelson, da kai zan yi maganar, domin bakina bai saba da ba da labarinka a bayan idonka ba tukuna.

Ka taɓa gaya mini cewa a ƙasarku duk namijin da aka haifa ran Talata Kwabena ne, kamar yadda mu muke cewa Ɗantala. Ran Talata ka zo, ran Talata ka koma. Amma a Sabon Gari ba wanda ya wahalar da harshensa da Kwabena. Tun da ka sauka daga motar Legas a 1976, saurayi ɗan Ghana da buhu ɗaya da sana'ar gashin burodi, aka laƙaba maka Baba Gana, sunan kuma ya zauna. Masu shayi sababbin zuwa sukan iso suna tambayar gidan burodin Babarbare, su tarar da kai cikin gajeren wando da hular kwali, gari har gira. Ba ka taɓa gyara musu ba. Sai ka ce musu eh, kai ne, Barnonku ce dai take bakin teku.

Hausarka kuwa, Allah ya jiƙan ka, ta yi kusan shekara hamsin tana kokawa da mata. Har ka bar duniya kana ce wa Gwaggo “kai”. “Keziya, ka ci abinci?” Mu yi ta dariya, ita kuma ta ce a ƙyale ka, ai ita ce namijin gidan. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya kasa gane abin da kake nufi ba, musamman in abin alheri ne.

Mutanen Unguwar Gabas ba su manta da wata dokar hana fita da aka taɓa yi ba, lokacin da gari ya rikice, kowa ya kulle ƙofa yana zargin maƙwabcinsa. Kai da Eric kuka kunna tanda, kuka gasa duk garin da ke cikin sito. Ba a fita titi, don haka ta kan katanga burodin ya riƙa tafiya, daga wannan gida zuwa wancan, hannun Kirista ya miƙa wa na Musulmi, na Musulmi ya miƙa wa na gaba, har ya kai ƙarshen layi. Da abin ya lafa wani dattijo ya zo yi maka godiya, ka ce masa kai ba abin da ka yi, garin ne ka ji tsoron kada ya yi tsutsa. Haka kake. In ka yi alheri sai ka nemo masa wani dalili maras kyau ka rataya masa.

Ni ma ina da nawa. Shekarar da na rasa cikina na fari, mutane sun yi ta zuwa suna karanta mini ayoyi, na gode musu, amma zuciyata a toshe take. Kai ka zo da burodi mai zafi a cikin tsumma, ka zauna a bakin ƙofa, ba ka ce mini komai a kan abin da ya faru ba. Sai ka kama ba ni labarin yadda rediyonka ya mutu ana tsakiyar wani wasan ƙarshe a shekarun tamanin, ka fita da gudu ba takalmi kana bin gidaje kana roƙon batir. Kana yi kana kwaikwayon muryar mai sharhi. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, daga ita kuma kukan da ya ƙi fita ya samu hanya. Ka bar ni na yi mai isata, sannan ka ce in ci burodin kafin ya huce.

Duk wanda ya san ka ya san ba a zama da kai minti kaɗan ba ka kawo zancen wannan kofi ba. Gasa ce ta ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba ta kai ta nahiya suna ba, balle ta duniya, kuma da yawa daga masu kallon ƙwallo a Zariya ba su ma san ana yin ta ba. Ita kanta ba ta da tabbas: a yi bana, a yi baɗi, sai ta kwanta barci na shekaru, ta farka da sabon suna. Ku dai Kofin Wafu kuke ce mata, da sunan ƙungiyar ƙwallon yankin. Ɗalibai in sun zo sayen burodi sukan tsokane ka, su ce Baba, wannan ai ƙaramin kofi ne. Kai kuma ka ce kofin duniya na mutanen da ba ka sani ba ne, wannan kuwa na maƙwabta ne, wanda ka kayar yau gobe za ku haɗu a tasha. Daga nan ka jero musu tarihin ko sun so ko ba su so ba: yadda Ghana ta ɗauka sau biyar a shekarun tamanin ba wanda ya karɓe mata, yadda gasar ta ɓace, yadda aka tayar da ita a Kwaddibuwa a 2002 yaƙi ya ɓarke aka watse ba a gama ba. In ka zo kan yaƙin nan sai muryarka ta sauka, ka ce ƙwallo ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Amma a gidanmu kofin yana da wani suna, kuma sunan ya samo asali ne daga kunnen kakata.

A farkon 1983 gwamnati ta ce baƙin da ba su da takardu su bar ƙasa. Ban zo duniya ba a lokacin, Gwaggo ce ta ba ni labari. Ta ce manyan motoci sun yi ta fita daga Sabon Gari cike da 'yan Ghana, har da 'yan'uwanka biyu da kuka zo tare. Kai kana da takardunka, kana da mata 'yar ƙasa, amma a irin wannan lokaci ba kowa yake tsayawa duba takarda ba. Wasu matasa suka taru a ƙofar gidan burodi suna ihu. Mahaifina, yana saurayi mai ji da ƙarfi a lokacin, ya ɗauko muciyar kwaɓa ƙullu ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce musu wannan mijin yayarsa ne, nan ne gidansa, duk wanda zai taɓa shi sai ya bi ta kansa. Ya tare a gidan bai koma Samaru ba sai da ƙura ta lafa. Kai da bakinka ka sha faɗa cewa Othniel ne ya sa ka zama ɗan Zariya.

A cikin wannan shekarar Ghana ta sake ɗaukar kofin. Ka saurara a rediyo kai kaɗai a bayan tanda, ka rasa da wa za ka yi murna, ga mutanenka duk an kwashe, ga kunyar surukai. Kakata Ƙauna, mahaifiyar Gwaggo da Babana, ta zo ganin 'yarta ta tarar da kai kana share ido. Ta tambayi abin da ya faru, aka ce mata ƙasarsu ce ta ci Kofin Wafu. Kunnenta ya riga ya fara nauyi. Ta ce, “Kofin Afuwa? Kai, madalla da wannan kofi! To ai sai wanda ya ci ya tashi ya je ya nemi afuwar waɗanda ya kayar.” Aka yi ta ƙoƙarin gyara mata, ta ce ita abin da ta ji ke nan, kuma ya fi ma'ana.

Washegari ka dafa shinkafa da wake irin na ƙasarku, wanda ake jefa wa karan dafi ya yi ja, ka ɗauko a kwano har Samaru. Ka tsaya a ƙofar gidan kakata ka ce, “Afuwa.” Mahaifina ya fito yana dariya ya ce, “An yafe, amma kada a ƙara.” Kuka zauna kuka ci a kwano ɗaya. Daga ranar ta zama doka tsakaninku. Wanda ƙasarsa ta ɗauki kofin shi zai yi girki da hannunsa, ba matarsa ba, ya ɗauka da kansa ya kai ƙofar ɗan'uwansa. Ko Najeriya ta shiga gasar ko ba ta shiga ba, ba ruwan doka, duk wanda bai ɗauka ba an kayar da shi. Ka yi ta ƙarawa kuwa duk da gargaɗin, har mahaifina ya ce shi ya fara zargin don wakenka yake addu'ar kada Najeriya ta ci.

Da ma tsakanin mijin yaya da ƙanen mata akwai wasa, ku kuma kun kai shi inda ba a kai shi. Shi yana ce maka ɓarawon yayarsa, kai kana ce masa ƙanen mata maras sana'a, alhali yana aikinsa a gonar bincike a Samaru. Mun taso muna ganin duk taron da kuka haɗu a ciki ba a gane wa'azin fasto.

Sai a 2010, da aka farfaɗo da gasar a nan ƙasar Najeriya ta doke Senegal, girki ya faɗo kan mahaifina karo na farko. Wannan na gani da idona. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba ya kori mahaifiyata daga madafi ya ce faten tsaki zai yi. Yakuwa ta yi yawa, ƙasan tukunya ya kama, hayaƙi ya sa maƙwabta leƙowa. Haka ya ɗaure kwanon a bayan babur muka bi shi zuwa Unguwar Gabas. Ka fito ka tsaya ka harɗe hannu, ka sa ya maimaita “Afuwa” har sau uku wai ba ka ji ba. Da ka kai loma ɗaya ka ce wannan faten ma kansa sai an nemi afuwarsa daban. Amma ka cinye, har ka suɗe hannu. Shekara ta gaba Togo ta doke mu a wasan ƙarshe, kuka je kuka kamo Kosi, wani magini ɗan Togo da ke Chikaji wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kuka ce girki ya hau kansa. A 2013 Ghana ta sake ɗauka, wakenka ya dawo Samaru.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina yake nauyi.

A watan Satumba na 2017 Najeriya da Ghana suka haɗu a wasan ƙarshe, a can ƙasarku. A cikin gasar mun riga mun doke ku sau ɗaya, don haka mahaifina ya yi ta cika baki, har ya sayi tsaki ya ajiye. Da yammacin Lahadi muka taru a tsakar gidanka, an fito da talabijin, maƙwabta sun cika. Ghana ta zura mana huɗu, muka rama ɗaya. Da ta huɗun ta shiga ka miƙe, kana dattijonka, ka kama rawa kana zagaya kujerar mahaifina kana kaɗa masa tawul, matasa suna tafi suna yi masa dariya. Ban san abin da ya shiga zuciyarsa ba. Ya ɗago ya dube ka, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, “Ka riƙa tunawa baƙo ne kai a nan. In murnar ta yi maka yawa, hanyar Ghana a buɗe take.”

Ya sha gaya maka maganganun da suka fi wannan kaushi kuna dariya. Amma wannan kalma bai taɓa furta ta ba, kuma a duk Zariya babu bakin da za ta fito ta yi maka ciwo kamar nasa. Na ga tawul ɗin ya sauka a hankali. Ka ce, “Haka ne,” ka shiga ɗaki. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Duk da haka ba ka karya doka ba. Washegari da rana sai ga ka a ƙofar gidanmu da kwano a hannu. Mahaifina ya hango ka ta taga. Ya kwana bai runtsa ba, ya san abin da ya yi, kuma kunya ta hana shi haɗa ido da kai. Ya ce wa mahaifiyata ta ce ba ya nan. Ga takalmansa a bakin ƙofa, ga babur ɗinsa a jingine, ga tarinsa ana ji daga ɗaki. Ka dubi takalman, ka dube ni, ka miƙo mini kwanon. Ka ce, “Jemimah, ka gaya mashi baƙo ya zo neman afuwa, bai tarar da masu gida ba.” Ka juya ka tafi. Waken nan ba wanda ya iya ci a gidanmu.

Kada mai karatu ya ɗauka gaba kuka shiga. Da gaba ce ma da an san yadda za a yi, a kira fasto da dattawa a sasanta. Kuna gaisawa a biki, kuna gaisawa a jana'iza. “Ina kwana, Malam Nelson.” “Lafiya lau, Malam Othniel.” Shi ke nan. Wasan ne ya mutu, ladabi ya maye gurbinsa, kuma ban taɓa ganin ladabi mai sanyi irin wannan ba. Mun yi magana har mun gaji. Kai ka ce ka je an rufe maka ƙofa, ba za ka sake zuwa ka tsoratar da mai gida ba. Shi kuma ya ce abin da ya yi ya fi ƙarfin ban haƙurin fatar baki. Ta ƙofar kofin ya ɓata, ta nan zai gyara. Najeriya za ta ɗauka, ya yi fate, ya zo ya tsaya a ƙofarka ya faɗi kalmar, kai ka san abin da yake nufi ba sai an tara jama'a ba. A ganinsa wannan ce kaɗai hanyar da ta kai girman laifin.

Haka dattawa biyu masu hankali suka rataya zumuncinsu a wuyan gasar da kowa ya san ba ta da alƙawari. A 2019 Senegal ta ɗauka a gidanta, ta doke Ghana a bugun fanareti, ba wanda ya ɗora tukunya. Aka ce ta gaba a Najeriya za a yi. Mahaifina ya farfaɗo, kullum kunnensa a rediyo, yana cewa a gida ba mai karɓe mana. Aka ɗage, daga nan aka yi shiru, shirun da har yau ba a fita daga cikinsa ba. Ina jin haushinku ku biyun, Baba Nelson, kuma ba zan ɓoye ba don ka mutu. Kun ga gashin kanku yana fari, kun raka abokanku maƙabarta ɗaya bayan ɗaya, amma kowannenku ya zauna yana jiran wasu mutane a wani ofis da ba su san da zamanku ba su sa ranar wasa.

A ƙarshen Oktoban bara matasanmu 'yan ƙasa da shekara ashirin suka doke na Ghana a wasan ƙarshe na gasar yankin, a Lome. Na bar abin da nake yi na je gida da sauri. Na ce Baba, ga dama ta zo, Wafu ce, Ghana ce kuma muka kayar, tashi ka ɗora tukunya. Na ga kamar zai miƙe. Sai ya ce, “Na yara ne wannan. In na je da shi zai ce na raina shi. A bari na manya ya zo.”

Ran Lahadin da ta gabaci rasuwarka, bayan an taso daga sujada, ka faɗi a tsakar gida, aka kawo ka asibiti. Na gaya wa mahaifina, ya ce za ka tashi, kai ɗin ƙarfe ne. Ran Talata da safe Eric ya kira ni ya ce jiki ya yi tsanani, duk mai son ganinka ya zo. Na je na ɗauki mahaifina. Ina gaya masa ya miƙe, amma maimakon ya nufi ƙofa sai ya nufi madafi. Ya ɗauko tsaki ya fara wankewa. Na ce Baba, don Allah bar girkin nan mu tafi. Ya ce, “Shekara nawa ban je ba, yau kuma in je mashi hannu rabbana? Ba zan jira kofin ba kuma. Amma ba zan je ba fate ba.” Na yi magiya, na yi faɗa, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Bai ko dube ni ba. Tsaki kuwa ba ya jin sauri, sai ya ga dama yake nuna.

Da muka isa asibiti, shi ke gaba da kwano naɗe a tsumma. Muka tarar da Gwaggo zaune a baranda, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ciki da shi. Ba sai an gaya mana ba. Mahaifina ya tsaya cak, tururi yana fita ta gefen murfin. Gwaggo ta dubi kwanon ta daɗe, sannan ta ce masa ya zauna. A nan ta gaya masa abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce washegarin wasan matasan nan na Oktoba, ka hana ta ɗora abincin rana. Ka yi wanka, ka sa rigarka ta zuwa coci, ka fitar da kujera biyu ƙofar gida. Ka ce mata, “Yau Othniel zai zo. Ko na yara ne, ai kofi kofi ne.” Duk babur ɗin da ya shigo layin sai ka ɗaga kai. Sai da rana ta faɗi ka mayar da kujerun da kanka, ka ce mata wataƙila bai ji sakamakon ba.

Ban taɓa jin mahaifina ya yi irin kukan da ya yi a barandar nan ba, ko ranar da muka binne kakata.

Bayan mako guda Collins ya iso daga Ghana, ɗan 'yar'uwarka, wanda a al'adarku shi ke da magana a kan gawar kawunsa. Mutum ne mai natsuwa, bai zo da rigima ba. Aka zauna a tsakar gidanka, Eric yana fassara. Ya ce dangi sun gode da riƙon da Zariya ta yi maka, amma sun aiko shi ya tafi da kai gida, a binne ka cikin naka kamar yadda ake yi wa duk wanda ya mutu a ƙasar wasu. Eric ya dubi mahaifiyarsa. Gwaggo ba ta ɗago kai ba. Ta ce ita ba ta da ta cewa, in baƙo ne ai sai a mayar da shi gida.

Kowa ya san da wa take. Mahaifina ya tashi daga kujerarsa, ya taka har gaban Collins, yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Collins ya zabura zai ɗaga shi, ya ƙi. Ya ce wa Eric ya fassara duk abin da zai faɗa, kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Ya ba da labarin yammacin nan, da abin da ya ce, da yadda ya ɓuya a ɗaki. Ya ce a duk shekarun da ka yi a garin nan mutum ɗaya ne ya taɓa kiran ka baƙo har maganar ta shige ka, kuma ga shi nan a durƙushe. Ya ce in aka tafi da kai, maganarsa ta tabbata ke nan har abada, shi kuma ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ya roƙe su su bar mana kai.

Collins ya tambaya, to a ina za a sa shi? A ƙauyenmu, can bayan Basawa, akwai maƙabartar gidanmu a gindin itatuwan ɗorawa. Jinin gida kaɗai ake sawa a can, sai matan da aka auro. Tun da aka kafa ta ba a taɓa binne suruki namiji a ciki ba. Mahaifina shi ne babba a mazan gidan yanzu, kuma kowa ya san ya daɗe da keɓe wa kansa wurin da ke kusa da mahaifiyarsa. Ya ce a nan za a sa ka. Collins ya fita waje ya yi waya da mutanen gida, ya jima. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ya kama hannun mahaifina ya tashe shi, ya ce a ba shi ƙasar kabarin ko cikin hannu ce ya kai wa mahaifiyarsa.

Ran Asabar muka kai ka. Masu shayi sun zo, ɗalibai sun zo, Kosi ya zo da sandarsa, mutanen layinku Musulmi da Kirista sun cika motoci. Da aka gama mayar da ƙasa jama'a suka fara janyewa, mahaifina ya tsaya shi kaɗai yana kallon kabarin da ba sauran fili a gefensa. Eric ya matsa kusa da shi ya ce, “Kawu, ka ba da wurinka. Kai fa, in lokaci ya yi?” Bai juyo ba. Ya ce, “Ku sa ni duk inda ake sa baƙi.”

Baba Nelson, Ubangiji da ka bauta wa ya karɓe ka hannu biyu, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurin da ba a tambayar kowa daga ina ya fito. Gwaggo Keziya, Allah ya riƙe ki a wannan ɗaki da ya yi miki faɗi, ya ba ki haƙurin da mu ba mu da shi da za mu ba ki. Eric da matarka da yara, Allah ya ƙarfafa ku, ya sa tandar nan kada ta huce. Ina miƙa ta'aziyyata ga Collins da dukan dangi a Ghana, tare da godiyar abin da suka bar mana, da kuma mutanen Unguwar Gabas baki ɗaya.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa mahaifina a addu'a. Yana nan da rai, yana cin abinci kaɗan, ba ya son a kunna rediyo. Allah ya sauƙaƙa masa. Amin.